Mai sana'ar hoto da karayar zuciya: amsa ga wanda ya fara gajiya

Tambaya: Na yi shekara huɗu ina sana'ar ɗaukar hoto, kuma da ita nake riƙe iyalina. Da farko ina jin daɗin aikin ƙwarai, amma yanzu ƙorafin mutum ɗaya kan hana ni barci, kuma duk watan da aiki ya yi ƙaranci sai in ga kamar sana'ar ta zo ƙarshe, musamman da yake kowa yana da waya mai kyamara, wasu kuma suna karɓar aiki a farashin da ba zan iya ba. Idan na duba ayyukan wasu a intanet sai in raina nawa. Ta yaya mutum zai riƙa ganin al'amura yadda suke, ya kuma riƙe kyakkyawan zato, ba tare da ya yaudari kansa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya, kuma abin da ya fi jan hankalina a cikinta shi ne sharaɗin da ka sa a ƙarshe, wato kada mutum ya yaudari kansa. Sau da yawa idan mai sana'a ya koka, abin da ake ce masa shi ne ya saki ransa, ya rage tunani, komai zai wuce. Masu faɗin haka da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma maganar ba ta kwana biyu take yin sanyi, domin ba ta taɓa abin da ke haddasa damuwar ba. A iya abin da na gani a wannan sana'a, a wajen abokan aiki da kuma waɗanda na koyar, kwanciyar hankalin da ke ɗorewa daga abu biyu take fitowa: mutum ya riƙa auna kowace matsala da ma'aunin da ya dace da ita, sannan ya tsara aikinsa ta yadda abubuwan da ke tsorata shi za su ragu a zahiri. Wanda ya yi waɗannan ba ya buƙatar tilasta wa kansa fara'a.

Bari mu fara da ƙorafi, tunda shi ne ke hana ka barci. Sana'ar hoto tana da wani nauyi da ba kowace sana'a ke da shi ba, domin abin da kake sayarwa ganinka ne da zaɓinka, abin da kake miƙa wa mutum kuma fuskarsa ce, ko fuskar wanda yake ƙauna. Ke nan kai da shi duka kun shigo cinikin da wani abu mai saurin jin ciwo. Idan ya ce hoton bai yi ba, kai sai ka ji kamar an ce ba ka iya ba, alhali shi sau da yawa abin da yake nufi shi ne bai ga kansa yadda ya saba ganin kansa ba. Akwai dalili sananne a kan haka. Kowane mutum ya fi sabawa da fuskarsa ta cikin madubi, wadda take a juye, dama ta koma hagu, kuma da wuya a sami fuskar da ɓangarorinta biyu suke daidai wa daida. A 1977 wasu masana halayyar ɗan'adam a Amurka, Mita da Dermer da Knight, sun nuna wa mutane hotunansu iri biyu, ɗaya yadda kyamara ta ɗauka, ɗaya kuma an juya shi kamar na madubi, sai ya kasance masu hoton sun fi karkata ga na madubin, makusantansu kuwa sun fi son na ainihin. A yau an ƙara da kyamarar gaban waya, wadda kan sulɓe fata ta rage tabo tun kafin mai ita ya ga hoton. Mutumin da ya shekara yana kallon kansa ta wannan hanya, ranar da ka miƙa masa hoto mai kaifi wanda ya fito da komai, ba abin mamaki ba ne ya ɗan ja baya.

Wannan ba ya nufin cewa kowane ƙorafi ba shi da tushe. Wani ƙorafin gaskiya ne tsantsa: hoton ya yi dishi-dishi, ko an bar wani muhimmin mutum ba a ɗauke shi ba, ko an makara wajen miƙa aiki. Irin wannan a karɓe shi hannu bibbiyu, a ba da haƙuri ba tare da kame-kame ba, a gyara abin da zai gyaru, sannan a nemo inda tsarin aiki ya yi rauni har hakan ta faru. Wani ƙorafin kuma daga rashin fahimtar juna yake tasowa, inda mai aiki, wato wanda ya ba ka aikin, yake zaton zai sami hotuna masu yawa cikin kwana uku, kai kuma a ranka zaɓaɓɓu kaɗan ne cikin mako uku, kuma babu wanda ya furta nasa tun farko. A ganina wannan shi ne mafi yawa, kuma takarda ɗaya da aka rubuta kafin a fara aiki tana kashe shi. Akwai kuma wanda bai shafe ka ba ko kaɗan, inda mutum ya kashe kuɗi fiye da ƙarfinsa, ko taron ya bar masa ɓacin rai, kai ne kuma na ƙarshe da ya rage a gabansa, sai ya sauke a kanka. Aikinka na farko idan saƙo mai zafi ya shigo shi ne ka gane wane iri ne, kuma ba a gane wannan cikin fushi. Ka amsa a taƙaice cewa ka ga saƙon kuma za ka duba, ka bar cikakkiyar amsa sai ka kwana ka tashi.

Amma me ya sa ƙorafi ɗaya yake rinjayar godiyar mutum ashirin? Haka zuciyar ɗan'adam take, ba kai kaɗai ba ne. Daniel Kahneman da Amos Tversky, a binciken da suka wallafa a 1979 kan yadda mutane ke yanke shawara, sun nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya ƙarfi a zuciya, kuma daga baya suka ƙiyasta cewa bambancin ya kai kusan ninki biyu. Kai da kanka ka san makamancin wannan a wurin aiki, domin idan ka matsa da kyamara kusa da fuskar mutum sai hancinsa ya fito ya fi kunnuwansa girma nesa ba kusa ba, kuma ba hancin ne ya ƙaru ba, tazarar ce ta yi kaɗan. Maganin da na sani shi ne rubutu. Ka ajiye littafi, ko shafi a kwamfuta, inda kake rubuta kowane aiki: ranar da aka yi shi, ranar da ka miƙa, ko an yi ƙorafi, ko mai aikin ya dawo, ko ya turo wani. Bayan shekara guda za ka sami abin dogaro da ya fi abin da zuciyarka ke raya maka da dare. Idan cikin ayyuka sittin uku ne suka zo da matsala, to ka san girman matsalar ke nan. Idan kuwa goma sha biyar ne, kuma duk a kan jinkirin miƙa aiki, to ka gano ainihin ciwon, kuma ciwon da aka san sunansa ya fi sauƙin ɗauka a kan fargabar da ba ta da fuska.

Haka batun yake game da watan da aiki ya yi ƙaranci. Sana'ar hoto sana'a ce mai lokuta, domin tana bin bukukuwa da taruka da kammala karatu da lokutan da kamfanoni ke sakin kuɗin talla, kuma babu wata ƙasa da waɗannan suke zuwa a shimfiɗe daidai cikin wata goma sha biyu. Kuskuren da ya fi karya zuciya shi ne a kwatanta wannan wata da wanda ya gabace shi. Abin da ya dace shi ne a kwatanta shi da takwaransa na bara da na bara waccan, sannan a dubi jimillar wata goma sha biyun da suka wuce. Kai da ka yi shekara huɗu kana da abin kwatantawa, kuma ina kyautata zaton idan ka jera lissafinka za ka ga cewa watannin da suke firgita ka kusan su ne dai suke dawowa kowace shekara. Da zarar ka san haka, sai watan sanyi, wato na ƙarancin aiki, ya zama abin da ake yi wa tanadi. Ka raba kuɗin sana'a da kuɗin gida, ka yanka wa kanka albashi tsayayye da za ka riƙa ɗauka ko an samu da yawa ko kaɗan, abin da ya haura a watan cika kuma ya zauna ya jira watan rashi. Yawancin abin da masu hoto ke kira karayar zuciya, idan aka bi shi a hankali, sai a tarar tsoron kuɗin haya ne da na cefane, kuma babu wata nasiha da za ta kwantar da wannan tsoro kamar ajiyar da za ta riƙe gida wata uku.

A nan ne ya kamata in daɗe kaɗan a kan farashi, domin mafi yawan baƙin cikin wannan sana'a daga nan yake. Mai aiki yana ganin ka awa biyar ko shida a wurin taro, sai ya ɗauka wannan ne aikin. Bai ga lokacin da kuka yi kuna tattaunawa ba, bai ga tafiya da dawowa ba, bai ga daren da ka yi kana tace hotuna dubu biyu don fitar da ɗari biyu ba, bai ga gyaran haske da launi ɗaya bayan ɗaya ba. Abin takaicin shi ne masu hoto da yawa su ma ba sa ganin wannan a lissafinsu. Kyamara kuma tana tsufa, domin labulen da ke buɗewa ya rufe a duk ɗauka yana da iyaka, kuma kamfanonin da ke ƙera ta kan ƙiyasta masa daga ɗauka 100,000 zuwa wasu dubban ɗaruruwa gwargwadon darajarta. Ga batura, ga fitilu, ga kwamfuta, ga manhajar gyara, ga rumbun ajiya, ga haraji. Ka zauna rana guda ka haɗa abin da sana'ar ke ci a shekara, ka ƙara abin da gidanka ke buƙata, ka raba da yawan ayyukan da za ka iya yi da kyau ba tare da ka kwanta ciwo ba. Abin da ya fito shi ne ƙasan farashinka. Sanin wannan adadi yana canza yadda kake jin kalmar "ya yi tsada", domin daga ranar ka san cewa aikin da ya tafi saboda ka ƙi sauka ƙasa da shi aiki ne da za ka biya daga aljihunka kafin ka yi shi.

Su kuma masu karya farashi, ba na son ka ɗauke su abokan gaba. Wasunsu sababbin shiga ne masu neman abin nunawa, kamar yadda kowa ya taɓa nema. Wasu suna da wani aikin da ke biyan bukatunsu. Wasu kuma ba su yi lissafin da na ambata ba, kuma ranar da kyamararsu ta tsaya za su gane. Mai neman mafi araha zai same su, kuma yana da haƙƙin haka. Kasuwarka tana wajen mutumin da ya fi tsoron a ɓata masa ranar da ba za ta dawo ba a kan tsoron biyan kuɗi.

Game da waya kuwa, tsoron da kake ji ya girme ka da fiye da shekara ɗari. An bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa a 1839, kuma shekaru da dama hoto yana hannun masu ɗakin aiki da sinadarai. A 1888 George Eastman ya fito da kyamarar Kodak wadda take zuwa da fim na hoto 100, mai ita ya danna kawai, ya aika wa kamfani ya wanke masa. Tun daga lokacin kowa ya sami damar ɗaukar hoto, amma masu sana'a ba su ƙare ba. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda take ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto ɗaya baƙi da fari a kan kaset, kuma wannan fasahar ce ta ci kasuwar fim har kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashi a Janairun 2012. Daga nan waya ta zo ta ci kasuwar ƙananan kyamarori: alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna an fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121 a 2010, amma a 2020 ba su kai miliyan 9 ba.

Ba zan ɓoye maka ba, waɗannan sauye-sauye sun kashe ayyuka na gaske. Shagunan wankin fim sun rufe a ko'ina, kuma a Mayun 2013 jaridar Chicago Sun-Times ta sallami dukan ma'aikatanta na sashen hoto a rana ɗaya. A yanzu ma ƙirƙirarriyar basira tana matsa wa masu hotunan talla da masu sayar da hotunan gama-gari, kuma wanda abincinsa yake can ya kamata ya buɗe ido. Sai dai idan ka lura, abin da kowane sauyi ya ɗauke shi ne ɓangaren da na'ura za ta iya yi ita kaɗai. Abin da ya rage a hannun mai sana'a shi ne sanin haske, da iya sa mutum mai jin kunya ya saki jiki, da jera mutum arba'in cikin minti biyar ba tare da an ɓata wa kowa rai ba, da sanin inda za a tsaya kafin abu ya faru, da ɗaukar alhakin cewa hoton zai fito ko da an ɗauke wuta ko ruwa ya sauko. Baƙo mai waya idan hotonsa bai fito ba babu wanda zai tuhume shi, kai kuwa an biya ka ne don a sami wanda ya ɗauki wannan nauyi. Idan ka fahimci cewa wannan ne hajarka, za ka daina gasa da waya a abin da ta fi ka, wato sauri da yawa.

Sai batun raina aikinka idan ka ga na wasu. Tun a 1954 masanin halayya Leon Festinger ya bayyana cewa mutum kan auna iyawarsa ta hanyar kwatanta kansa da wasu idan ba shi da wani ma'auni tsayayye, kuma a sana'ar da ta dogara da kyan gani ma'auni tsayayye yana da wuyar samu. Matsalar ita ce kwatancen da kake yi ba na adalci ba ne. Kai ka ga dukan abin da ka ɗauka, har da wanda aka rufe ido da wanda haske ya ƙone, shi kuwa wancan ka ga hoto ɗaya da ya zaɓa daga cikin dubbai, ya gyara, ya ɗora a Instagram. Ko manyan sana'ar haka suke aiki. Robert Frank ya zaga Amurka a 1955 da 1956, ya ɗauki hotuna kimanin 27,000, amma 83 kacal ya zaɓa ya sa a littafin da ya yi masa suna. Wanda ya ga 83 ɗin nan kaɗai zai zaci hannunsa ba ya kuskure.

Kuma shahara daban, tsayuwar sana'a daban. Mathew Brady shi ne mai hoton da ya fi kowa suna a Amurka a zamaninsa, ya ɗauki shugabanni, ya zuba dukiyarsa wajen tattara hotunan yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865 da zaton gwamnati za ta saya da daraja, amma bashi ya cinye shi, ya rasu a 1896 cikin talauci. A ɗaya gefen ga Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, yana ɗaukar mutanen gari da hasken rana, yana kuma adana fina-finansa da kyau. Duniya ba ta san shi ba sai a shekarun 1990, bayan an nuna wasu hotunansa a New York a 1991 ba tare da ko sunansa a jiki ba, kuma lokacin ya daɗe da barin ɗakin. Malick Sidibé, shi ma a Bamako, ya shafe shekaru yana bin tarukan matasa da dare da kyamararsa, sai a 2003 ya karɓi lambar yabo ta Hasselblad da ake ba masu hoto, a 2007 kuma aka ba shi babbar lambar yabo a bikin fasaha na Venice da ke Italiya. Ba na kawo su don in yi maka alkawarin za a gano ka wata rana, domin mafi yawanmu ba za a gano mu ba, kuma babu aibi a haka. Na kawo su ne don ka ga cewa aikin da daga baya aka rataya a manyan gidajen tarihi, a lokacin da ake yin sa aikin kwastoma ne na yau da kullum, wanda aka yi don mai shi ya ji daɗi ya biya. Idan za ka duba aikin wasu, ka duba shi da tambaya takamaimai, kamar daga ina hasken ya fito, ko me ya sa aka tsaya a nan, kuma ka yi haka da safe lokacin da kake da ƙarfi. Kwatancen da zai amfane ka shi ne ka ɗauko aikin da ka miƙa shekara biyu da suka wuce ka ajiye shi kusa da na wannan wata.

Akwai wata fargaba da masu hoto ba su cika faɗa ba, wato tsoron ranar da katin ajiya zai lalace ko kwamfuta ta mutu da aikin mutane a ciki. Wannan fargaba tana da gaskiya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yi amfani da kyamara mai ɗaukar kati biyu idan kana aikin da ba ya maimaituwa, ka tafi da kyamara ta biyu ko da tsohuwa ce, kuma ka bi ƙa'idar da mai hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku na kowane aiki, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam da inda kake aiki. Ka rubuta yarjejeniya mai bayyana yawan hotuna, da ranar miƙawa, da sau nawa za a yi gyara, da abin da zai faru idan an ɗage taro, kuma kada ka riƙe wa kowa rana sai ya ba da kafin alƙalami. Waɗanda suke da irin wannan takarda a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka soke taruka a duniya baki ɗaya, sun sha wahala kamar kowa, amma sun san matsayinsu da masu aikinsu.

Jiki kuma magayi ne, kuma ina roƙonka kada ka yi wasa da shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar ƙarfi saboda aiki a matsayin yanayin da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo da ba a shawo kansa ba, ta kuma ambaci alamominsa uku: ƙarewar kuzari, da jin mutum ya yi nisa da aikinsa ko ya fara ƙyamarsa, da raguwar iya aiki. Mai hoto yana cikin haɗarin wannan sosai, domin yana aiki a ranakun da wasu ke hutu, yana gyara da dare, wayarsa kuma ba ta rufuwa. Mutumin da ya yi barcin awa huɗu ba zai iya auna komai daidai ba, kowane saƙo zai zame masa barazana. Ka sa wa amsa saƙonni lokaci, ka sanar da masu aikinka, ka ware rana ɗaya a mako da ba ka buɗe kwamfuta. Ka kuma riƙe wani ɗan aiki naka na kanka, wanda babu mai biya kuma babu mai gyara maka, ko da hoton mutum ɗaya ne a wata, domin a nan ne za ka riƙa tuna abin da ya kawo ka. Ka nemi abokan sana'a biyu ko uku da kuke faɗa wa juna gaskiya, waɗanda za ka tura wa aiki idan ranarka ta cika, su ma su turo maka, kuma ɗayansu zai iya tsaya maka idan rashin lafiya ta kama ka ranar taro. Idan kuwa ka ga baƙin ciki ya zauna maka mako biyu ko fiye, barci da cin abinci sun rikice, abubuwan da kake so ma ban da hoto sun daina yi maka daɗi, to wannan ya wuce batun sana'a, ka ga likita ba tare da jin kunya ba.

Tunda ka ce ba ka son yaudarar kanka, dole in faɗi wannan ma: wani lokaci lissafin yakan nuna cewa sana'ar, a yadda ake yin ta yanzu, ba za ta riƙe gida ba. Arziki na Allah ne, amma duba littafi aikin bawa ne. Kada ka yanke wannan hukunci a daren da wani ya ɓata maka rai, ko a tsakiyar watan da ka riga ka san na sanyi ne. Ka zauna a lokacin da hankalinka yake kwance, kai da wanda rayuwarsa ta rataya a kan sana'ar tare da kai, ku sa wa'adi, misali wata goma sha biyu, ku kuma rubuta adadin da ya kamata a samu da matakan da za ka ɗauka a cikin wa'adin: gyara farashi, komawa ga tsofaffin masu aiki a gaishe su a tuna musu, gwada wani reshe kamar hoton kayayyaki ko na ma'aikatu ko bidiyo. Idan wa'adin ya cika adadin ya samu, ka ci gaba, kuma ka daina sake buɗe tambayar duk mako. Idan bai samu ba, ka nemi wani aikin ka haɗa da hoton, ka rage ayyukan da kake karɓa zuwa waɗanda suke biyan wahalarsu, ka riƙe masu aikin da littafinka ya nuna suna dawowa. Ansel Adams, wanda a yau ake tunawa da shi saboda hotunan duwatsu da dazuzzuka, ya shafe shekaru masu yawa yana yi wa kamfanoni hotunan talla da koyarwa don ya biya buƙatun gidansa, kuma a tsakanin waɗannan ayyuka ne yake samun lokacin fita da kyamararsa ya ɗauki abin da ransa yake so.